Bortolo Tela da Rigar Shiga Kabari

"Kin ji matar tela ta nemi rigar?"

"Wace riga?"

"Ta 'yan zuhudu mana. Wadda ake shiga kabari da ita."

"Wane telan kike nufi?"

"Tela nawa kika sani a garin nan da ya mai da rigar nan abin dariya?"

"To fa. Shi kuma ya ce me?"

"Ba a ji ya ce komai ba. Karo na farko ke nan tun da uwarsa ta haife shi."

Ina bakin tanderu ina fitar da burodin safe na jiyo wannan hira ta tagar da ke kallon rijiya. Ban leƙa in ga masu yinta ba, don ni ba labari ba ne a wurina. Katanga ɗaya ce tsakanin gidan burodina da shagon Bortolo tela, katangar kuma ba ta da kauri. Tarinsa da waƙarsa da faɗansa da matarsa Menega, duk a kunnena suka tsufa.

Bortolo ɗan majemi ne daga ƙauyukan gindin dutse. Ubansa ya ga yaron ba ya jure warin fata, sai ya kai shi birnin Padua koyon ɗinki. Ya dawo garinmu da almakashi da kafaɗa ɗaya a karkace saboda zaman kan tebur, da kuma bakin da ba ya hutawa. Gajere ne, mai manyan kunnuwa. Menega 'yar mai niƙa ce, ba ta kai shi tsawo ba ma, kuma ita kaɗai ce a garin take iya sa shi ya haɗiye magana. 'Ya'yan da suka haifa babu wanda ya kai ga taka ƙasa da ƙafarsa. Ba sa maganar wannan, mu ma ba ma yi.

Babban aikin shagonsa na gidan 'yan zuhudu ne da ke bayan kasuwar hatsi. Shi yake ɗinka musu rigunansu na ulu mai kaushi, ruwan ƙasa, masu hula a haɗe, waɗanda suke ɗaurewa da igiya a ƙugu. Idan sabuwa ta zo, tsohuwar sai ta koma akwatin shugaban gidan. Daga wannan akwati ake fito da ita a kai wa mai gargarar mutuwa, in dai a rayuwarsa ya kasance mai kyautata wa gidan. Mutanenmu sun yarda cewa wanda aka binne cikin rigar da ɗan zuhudu ya yi addu'a a cikinta, hisabinsa zai zo da sauƙi. Sabuwa ba ta yi. Sai wadda ta sha zufa da gwiwa.

To ai masu kyautata wa gidan ba su cika zama sirara ba, 'yan zuhudu kuwa da yawansu ƙashi ne da fata. Saboda haka akan aiko a kira Bortolo ya farke gefen riga ya ƙara ƙyalle, mai ita yana kwance yana numfashi sama-sama. Nan dariyarsa ta samo asali. Yakan dawo ya tsaya a ƙofata ya ce shi ne telan da ya fi kowa sa'a a ƙasar Venis, don abokan cinikinsa ba sa dawowa da ƙorafi. Ranar da ya gyara wa wani dillalin hatsi, wanda duk garin ya san yana zuba yashi a alkama, ya ce mini ko da mai tsaron ƙofar sama makaho ne, in ya shafa tumbin nan zai san ba na mai azumi ba ne.

Da Maestro Ilario bai zo garin ba, da wataƙila maganar ta tsaya a ƙofata. Maestro malami ne, yana koya wa 'ya'yan masu hali Latin da Girkanci. Duk lokacin da ya je Venis yakan dawo da wasu ƙananan littattafai da aka buga da inji, waɗanda za su shiga hannun riga. Da yamma sai ya zauna a shagon mai magani ya riƙa karantawa yana juya mana zuwa harshenmu. Masu rubuta littattafan nan ba su bar kowa ba. Sun yi wa likita dariya, sun yi wa lauya, sun yi wa sarkin da zai kashe samarin ƙasarsa a kan tudun da ko awaki ba sa so, sun yi wa masu ibadar da za su shekara suna gaba a kan ko hular riga ta zama mai tsini ko zagayayya. Maestro yakan ce waɗannan marubuta ba maƙiyan addini ba ne, so suke a share ƙurar da ta rufe shi, kuma da manyan limamai suke cin abinci, su ma limaman suna dariyar.

Bortolo ya tambaye shi dalilin da ya sa ba a kama su. Maestro ya ce ai da Latin suke yi, sai mai karatu yake ji. Bortolo ya ce shi dariyar da mai wanki ba za ta ji ba, bai ga bambancinta da mutum ya yi wa kansa cakulkuli ba. Tun daga ranar suka ƙulla abota. Maestro ya kawo ilimi, tela ya yanka shi daidai jikin mutanen kasuwa.

Wurin da yake sa shi a jikinsu kuwa shi ne ranar ƙarshe ta Karnebale, bikin ci da sha da muke yi kafin babban azumi. A ranar akan kafa mutum-mutumin ciyawa a dandali, shi ne Karnebale ɗin da za a ƙona. Kafin a ƙona shi, mutum ɗaya zai sa fuskar aro da rigar faci-faci, ya cusa ciyawa a ciki ya yi tumbi, ya hau kan gangar giya ya faɗi wasiyyar mamacin. Tun gemun Bortolo yana baƙi shi yake hawa. Ya bar wa likita sheburinsa na haƙa rami, tunda aikinsu ɗaya. Ya bar wa matan bakin rijiya kunnuwansa, don nasu sun yi musu kaɗan. Ni ma ya taɓa bar mini ma'auninsa, wai nawa yana da ciwon baya, ba ya iya miƙewa. Na yi mako ban gaishe shi ba, amma na gyara ma'aunin.

'Yan zuhudu ma kowace shekara suna da rabonsu, kuma tsohon shugaban gidan yakan yi dariya har ya share hawaye. Da ya rasu sai aka aiko Fra Doroteo ya gaje shi, Fra kuwa laƙabin kowane ɗan zuhudu ne. Ba zan ɗora masa abin da ba nasa ba. Mutum ne mai karatu, siriri, azuminsa na gaske ne, ba a taɓa ganin hannunsa a kan abin wani ba. Amma ya zauna a ƙasashen bayan duwatsu, ya ga garuruwan da aka fara da barkwanci a kan limamai aka ƙare da fasa ƙofofin coci. Ya dawo da tsoron dariya. A shekararsa ta farko a garinmu kuwa Bortolo ya hau ganga rungume da ɗan akuya, sanye da ƙaramar rigar zuhudu da ya ɗinka masa, har da igiyarta. Ya ɗaga shi sama ya ce jama'a su shaida, wannan bawan Allah ya tsira, duk kabejin da ya ci a gonakin mutane an yafe masa. Dandali ya kusa tsagewa. Fra Doroteo bai karɓe aikin ɗinki ba, don babu wanda ya kai Bortolo ƙarfin zare. Ya ajiye abin ne kawai a ransa.

Da ganye ya fara zuba Menega ta kama tari. Kafin sanyi ya yi tsakiya ƙafafunta sun kumbura, ta daina saukowa shago. Likita ya zo ya duba fitsarinta a kwalba, ya girgiza kai, ya ce ba ya jin za ta ga ƙarshen azumi.

Ina ɗakin ranar da ta yi roƙon. Na kawo mata faten gero da romon kaza, Bortolo yana gefen gado yana ba ta labarin wani lauya da kare ya kora. Ta bar shi ya gama, ta yi murmushi, sannan ta ce tana son a binne ta cikin rigar. Ya yi dariya, yana zaton ta rama masa ne. Da ya ga ba ta dariya sai ya tambaye ta ko ta manta da akuya.

"Ban manta ba," in ji ta. "Na fi kowa dariya, ni na ma riƙe maka ƙafafunsa kana gwadawa. Amma Bortolo, tsoro nake ji. Ban san kowa a can ba sai yaranmu, su kuma ba su san fuskata ba. Ina so in shiga cikin rigar da aka sani."

Ya dubi kwanon fate, ya dubi bango. Can ya ce to, za ta samu. Ya tashi ya ɗauki hularsa.

Bai daɗe ba ya dawo. A ƙofata ya tsaya, ba nasu ba, ya gaya mini yadda suka yi. Fra Doroteo ya karɓe shi da mutunci, ya ma ce ya san Menega mace ce ta kirki, kuma bai nemi ko ƙwayar alkama ba. Sharaɗinsa ɗaya ne. Ranar Karnebale Bortolo zai hau ganga kamar kullum, ya cire fuskar aro, ya gaya wa jama'a da bakinsa cewa duk abin da ya faɗa a kan rigar ƙarya ne, kuma ya yarda tana ceto. In ya sauko, rigar tana jiransa.

Na ce masa ai abu ne mai sauƙi, ya faɗa mana. Ya dube ni kamar na ce ya ci allura.

"Maƙwabciya, da hannuna na farke rigar nan na ƙara mata ƙyalle daga tsohon bargon doki, aka binne mutum a ciki. In na tsaya gaban talakawan garin nan na ce ulu yana wanke zunubi, gobe duk mai yashi a alkama zai ƙara yashi. Ba zan faɗa ba."

Na ce to Menega fa. Ya ce za ta samu rigarta. Na tambaye shi ta yaya, ya ce bai sani ba tukuna.

Maestro Ilario ya zo shagon washegari, na ji su ta katanga. Ya fara da cewa masu hikima da yawa sun sunkuya sun bar guguwa ta wuce, magana iska ce, kowa zai gane dole aka yi masa. Bortolo ya ce Maestro zai gane, mai magani zai gane, amma mai wanki za ta yarda, ita ce kuma yake yi wa magana tun farko. Sai Maestro ya rage murya ya kawo shawara ta biyu. Ya ce ga ulu nan a shago, ga tela. A ɗinka sabuwa, a goge gwiwoyinta da dutse, a rataye ta a hayaƙin tanderun maƙwabciya, wa zai bambanta. Tunda rigar ba ta yin komai, ta gaske da ta ƙarya ai duk ɗaya ne.

"A wurina ɗaya ne, Maestro. A wurinta ba ɗaya ba ne. Ka ce in yaudari gari na ƙi, yanzu ka ce in yaudari matata tana kan gadon mutuwa. Littattafan nan naka ba su da hanya ta uku?"

Maestro ya ce littattafan suna nuna ciwo ne, ba su cika ɗinke shi ba. Ya fita ransa a ɓace, amma da yamma ya aiko wa Menega zuma.

Ita kuwa labarin sharaɗin bai ɓoyu gare ta ba, don matan da ke zuwa dubiya sun kawo mata shi da ɗuminsa. Na ɗauka za ta ce ya haƙura da rigar, ko kuma ta ce ya je ya faɗa. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta ce masa ita ba ta aike shi yin ƙarya ba, riga ta aike shi, yadda zai yi ya samo kuma matsalarsa ce, tunda shi ne tela.

Ya yi yawo. Ya ari alfadarin mai niƙa ya haye kogi zuwa wani gidan 'yan zuhudu na ɗariƙarsu Fra Doroteo, suka ce ba sa shiga tsakanin ɗan uwansu da mutanen garinsa. Ya je wurin wakilin bishop, babban limamin yankinmu, wakilin ya sa shi ya maimaita labarin akuya, ya yi dariya har ya riƙe ciki, sannan ya ce akwatin 'yan zuhudu ba ya ƙarƙashin ikonsa. Ya dawo da ciwon ƙugu da hannu wofi. Duk da haka bai daina aiki ba. A makon ma ya kai wa gidan sababbin riguna, ɗinki mai kyau kamar kullum, tsofaffin suka wuce ta gaban idonsa zuwa akwati. Na tambaye shi me ya hana ya ɓoye ɗaya. Ya ce Menega ba za ta shiga gaban Allah da kayan sata ba.

Ranar Karnebale ta zo da sanyi mai shiga ƙashi. Dusar ƙanƙara ta narke ta bar taɓo a dandali. Na bar ƙanwata wurin Menega na fita, don ita da kanta ta ce in je in zama idonta. Ban taɓa ganin taro irin na ranar ba. Har daga ƙauyuka an zo, wasu don su ga tela ya lashe amansa, wasu don su ga ya ƙi. A kan matakalar coci Fra Doroteo yana tsaye, 'yan zuhudunsa a jere bayansa, hannaye cikin hannun riga. An kafa mutum-mutumin ciyawa a kan tarin itace, samari suna riƙe da bakin wuta suna jira.

Bortolo ya hau ganga da tumbin ciyawarsa. Ya yi wasiyya kamar yadda ya saba, sai dai a gajarce. Ya bar wa alƙalin gari matashin kansa, don kujerar shari'a ba ta da daɗin barci. Ya bar wa Maestro Ilario ƙafafunsa, ya ce mai hikima yana bukatar na gudu fiye da biyu. Maestro ya cire hula ya rusuna, aka yi dariya. Sannan Bortolo ya kwance fuskar aro ya riƙe ta a hannu. Dandali ya yi tsit.

"Kun san ni. An ce in gaya muku rigar nan tana kai mutum sama. Ni nake ɗinka ta, ulu ce daga jikin tunkiya, ba ta kai tunkiyar ko'ina ba. Abin da na faɗa bara shi nake faɗa bana. Sai dai akwai wawa guda da ban taɓa bar wa komai ba a wasiyya, shi ne ni. Na yi shekaru ina yi wa mayafin mai jin tsoro dariya, ban taɓa tambayar kaina me ya sa yake rawar sanyi ba. Matata tana mutuwa, tana jin tsoro, ta roƙi rigar."

Ya juya ya fuskanci matakalar coci. Ya ce kowace shekara daga kan mumbarin nan ana gaya mana yadda wanda ya kafa ɗariƙarsu ya tuɓe rigarsa ya ba wanda ya roƙe shi a hanya, kuma ba a taɓa ce mana ya fara yi wa mutumin jarrabawa ba. Ya ce shi ba akwati yake roƙo ba, ba shugaba yake roƙo ba. Mutum yake roƙo, duk wanda yake sanye da ita.

Babu wanda ya motsa. Fra Doroteo ya amsa da murya a kwance cewa sharaɗi yana nan inda yake, ƙofa kuma a buɗe take. Bortolo ya ce ya ji. Ya gyara tsayuwa a kan ganga ya harɗe hannuwa.

Sai a lokacin muka gane abin da ya shirya. A al'adarmu ba a sa wa Karnebale wuta sai mai wasiyya ya ce ya gama ya kuma sauko da ƙafarsa. Ba a jawo shi, ba a tura shi. Tsofaffi suna cewa shekarar da aka taɓa jawo wani, ƙanƙara ta kashe inabi. In kuwa ba a ƙona Karnebale ba, ba a buɗe gangunan giya na ƙarshe, ba a raba naman da ke kan wuta, kuma babu mai jin ya shiga azumi da tsabta. Gari guda ya rataye a ƙafafun tela.

Da farko abin ya zama wasa. Samari suka riƙa yi masa tsiya, wani ya ce ya sauko kafin kunnuwansa su daskare su faɗo, shi kuma ya ce in sun faɗo ya riga ya bar wa matan rijiya. Mahauci ya roƙe shi don Allah, naman yana ƙonewa. Ya ce ba shi za a roƙa ba. Alƙali ya aiko dogarinsa, dogarin ya zo gaban ganga ya tsaya yana sosa kai, ya koma. Rana ta karkata. Iska ta taso daga dutse. Ina ganin gwiwoyin Bortolo suna kaɗawa a ƙarƙashin rigar faci, leɓɓansa sun yi shuɗi, bakin da ba ya hutawa ya yi shiru. A hankali mutane suka daina kallon ganga. Ba wanda ya yi ihu, ba wanda ya ɗauki dutse. Fuskoki ne kawai suka juya ɗaya bayan ɗaya zuwa matakalar coci.

Fra Doroteo bai sauke idonsa ba. Na ga fuskarsa, ba ta mai taurin kai ba ce, ta mutumin da abin da yake tsoro ya zo ya tsaya gabansa ce. Ya juya zai shige da mutanensa ciki.

Daga ƙarshen layi wani tsoho ya fito. Fra Zilio ne, mai kula da gonar albasa da jakin gidan, wanda kunnensa ɗaya ya mutu, wanda Bortolo ya taɓa bar wa zakaransa a wasiyya saboda yana barci a tsakiyar addu'a. Ya sauko matakala a hankali yana dafa gwiwa, ya ratsa taɓo da takalmin igiya. Fra Doroteo ya kira sunansa sau ɗaya.

"Uba, ta wannan gefen ba na ji," in ji tsohon, bai waiwaya ba.

Ya zo gindin ganga ya ɗaga kai.

"Tela, ƙafafuna sun mutu da sanyi, kai kuma na ga ba ka da niyyar saukowa. Kada ka ɗauka na ba ka gaskiya. Akuyar nan ba ta ba ni dariya ba, zakaran ma haka. Amma an roƙa, ni kuma ina da ita."

Ya kwance igiya, ya zare rigar ta kansa, ya tsaya cikin 'yar shara mai huji, ƙasusuwan ƙirjinsa a waje. Ya miƙa ta sama. Bortolo ya karɓa da hannu biyu. Ya yi ƙoƙarin cewa wani abu, haƙoransa suka hana shi. Da ƙyar ya ce ya gama. Ƙafafunsa sun sandare, sai da ya zauna a bakin ganga sannan ya zamo ƙasa. Ya zubar da tumbin ciyawa, ya tuɓe rigar faci-faci ya lulluɓa wa tsohon. Haka Fra Zilio ya koma gidan zuhudu, cikin rigar Karnebale ja da kore da rawaya, yana tafe a bayan 'yan uwansa kamar ba abin da ya faru. Babu wanda ya yi dariya sai Maestro, shi ma a cikin hularsa ya yi ta.

Abin bai wuce ba tare da hukunci ba. Kafin azumi ya raba, an karɓe ɗinkin gidan daga hannun Bortolo an ba wani tela a ƙetaren kogi, an kuma mai da Fra Zilio wani ƙaramin gida a kan dutse inda albasa ba ta fitowa. Bortolo ya koma facin wandunan manoma, kuma ba a sake barinsa ya hau ganga ba. Amma wannan daga baya ne.

A ranar, ba mu tsaya kallon wutar ba. Muna jin ihun dandali a bayanmu muka shiga lungu, shi yana ɗingishi, rigar a rungume a ƙirjinsa. Muka tarar da Menega a jingine da matashi, ƙanwata ta buɗe mata taga don ta ji hayaniyar. Ya shimfiɗa mata rigar a kan cinyarta.

Ta shafa ta. Gwiwoyin sun sule har suna ƙyalli, akwai faci a kafaɗa wanda ba ɗinkin Bortolo ba ne, babban zare a karkace. Ta kai ta hanci ta shinshina.

"Albasa," in ji ta. "Da jaki."

Ya ce haka tsarki yake wari a garin nan, in ba ta so ya mayar. Ta riƙe ta gam. Ta tambaye ni ko ya yi ƙarya a dandali, na ce bai yi ba. Ta tambaya ko ya zagi wani, na ce kansa kawai. Ta ce to an samu ci gaba. Sannan ta sa muka ɗaga rigar a tsaye a gefen gado, ta dube ta daga sama har ƙasa. Fra Zilio dogo ne, ita kuwa ko kafaɗarsa ba ta kai ba. Ta ce wa mijinta ba za ta tafi tana jan riga a ƙasa kamar yarinyar da ta saci kayan uwarta ba, ya rage mata tsawon, ya kuma yi kalmasa mai kyau, don ba ta san wa zai duba ba.

Ya ce an gama. Ya ɗauko almakashi ya auna da ido ya yanke, hannunsa bai yi kuskure ba. Ya zauna a bakin gado ya harɗe ƙafa, ya ɗauki allura, ya lashi bakin zare. Ya kai, zaren ya goce. Ya sake kaiwa, ya sake gocewa. Ya juya baya ga Menega kamar mai neman hasken taga, ya miƙo mini allurar ba tare da ya dube ni ba.

"Maƙwabciya, taimaka ki zura mini zaren nan."